Adaidaita mai komawa baya: a ina labarina yake karyewa?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara na zo nema wurin waɗanda suka fi ni sanin harkar labarin fim. Maganar za ta ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Wata takwas ke nan ina fama da wani labari. Gyaran waya nake yi da rana, sai bayan isha'i nake samun zama da biro da littafi, wani daren shafi biyu, wani daren ko layi ɗaya ba na samu. Fim ne na kimiyya, amma na ban dariya.

Jarumin saurayi ne mai suna Sabitu, direban adaidaita sahu. Keken ba nasa ba ne, kullum da magariba sai ya kai wa mai shi abin da aka yanka masa. Wata rana giyar ribas ta ƙi shiga, sai ya kai wa wani tsohon makanike, Baba Tanko, wanda 'yan gareji suke yi wa kallon mai taɓin hankali, saboda ya shekara talatin yana harhaɗa wata na'ura da kwayil ɗin janareta da hanjin tsohuwar rediyo da batirin sola. Tsohon ya rasa abin da zai gwada ta a kai, sai ya ɗaura ta a ƙarƙashin kujerar keken, bai gaya wa kowa ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da Sabitu ya sa ribas ya ja da baya, duniya gaba ɗaya sai ta koma baya da minti goma. Shi kaɗai yake tuna abin da ya wuce.

Shafi talatin na farko ina jin daɗinsu ƙwarai. Akwai fitowar da fasinja ya sauka a Ƙofar Mata ya zura a guje bai biya ba, Sabitu ya koma baya ya karɓi kuɗinsa tun kafin mutumin ya hau. Akwai wadda ya ci tsiren dubu biyu, ya koma baya ya sake ci, har sau huɗu. Wadda na fi so ita ce ranar da ya je gaishe da mahaifin Rabi, yarinyar da yake nema. Sau bakwai yana kwafsawa. Ya yi tuntuɓe da buta, ya zauna a kan hular Alhaji, ya kira shi da sunan da yaran unguwa suke tsokanarsa da shi, kowane karo sai ya fita a guje ya sa ribas ya dawo ya sake rangaɗa sallama.

Na karanta wa abokaina a majalisa, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma daga wajen shafi na talatin da biyar sai na ga wannan ya ciro waya, wancan ya ce bari ya je ya dawo. Dariyar ba ta ɗauke gaba ɗaya ba, zarewa take yi a hankali kamar cajin tsohon batir. Yayata da na ba ta ta karanta, tambaya ɗaya ta yi mini: "To shi Sabitun me yake so ne?" Na ce Rabi yake so. Ta ce ai tun shafi na ashirin Alhaji ya ce ya ba shi.

Don in gyara, sai na shigo da wani ɗan siyasa da ya ji labarin keken yake so ya sace shi. Da na sake karantawa sai na ji kamar an yi wa shadda faci da atamfa.

Yaya ake gina tsakiyar irin wannan fim har mai kallo ya kasa tashi? Sannan na lura kusan duk finafinan kimiyya masu barkwanci akwai tsoho mai ilimi, da saurayi wanda bai san komai ba, da wani mugu. Shin dole ne sai da su, ko kowa kwaikwayon na gabansa yake yi?

Malam Na-Tudun-Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa yayarka albarka, ta riga mu faɗin rabin amsar. Na daɗe ina koyar da adabi a sakandare, kuma abin da ya same ka na sha ganinsa a takardun ɗalibai. Yaro zai samo abin mamaki, sai ya ɗauka ya gama samun labari.

Fara amsa mini wannan. Tsiren da Sabitu ya ci, idan ya sa ribas, yana nan a cikinsa ko ya koma kan tukuba? In yana cikinsa, kuɗin fa, sun dawo aljihunsa? In har sun dawo, to Sabitu ya sami hanyar arziki, ba shi da sauran damuwa a duniya, fim ɗinka ya ƙare tun shafi na goma sha biyu. Kada ka raina wannan tambaya. Na'urar da ba ta da doka, wadda take yin duk abin da marubuci ya ga dama, mai kallo yakan daina jin tsoro a madadin jarumi, kuma da zarar ya daina, sai ya ciro waya kamar abokanka.

Bari in warware maka fim guda wanda a ganina ya fi kowanne dacewa da koyon zubi, wato Back to the Future na 1985. Robert Zemeckis ne darakta, shi da Bob Gale suka rubuta. Dokar na'urar a fili take: mota ce, sai ta kai gudun mil 88 a awa, kuma sai ta sami wutar lantarki gigawat 1.21, wadda Doc Brown, tsohon masanin da ya ƙera ta, yake samarwa da sinadarin fulutoniyam. Jarumin fim ɗin, Marty, ɗan shekara 17, ya faɗa shekarar 1955 ba shi da sauran sinadarin da zai dawo da shi. A wancan zamanin abu ɗaya ne zai ba da irin wannan ƙarfi, wato aradu, kuma ba mai sanin inda za ta faɗa ko yaushe.

To a nan ne gwanintar take. Tun a farkon fim, wata mata mai neman gudummawar adana tsohon agogon garin ta miƙa wa Marty wata takarda, mai ɗauke da labarin daren da aradu ta faɗa wa agogon: 12 ga Nuwamba 1955, ƙarfe 10:04. Kowa yakan yar da irin wannan takarda. Marubutan sun san haka, sai suka sa budurwarsa ta rubuta masa lambar waya a bayanta, shi ya sa ya cusa ta a aljihu. Ka ga ko ajiye 'yar takarda sai da aka ba shi dalili. Lokacin da mai kallo yake ganin wannan fitowa, hankalinsa yana kan hirar saurayi da budurwa, bai san an dasa masa makullin ƙarshen fim ba.

Ƙulli na biyu shi ne wanda ya fi shafar matsalarka. Marty ya ga mota za ta buge mahaifinsa George, lokacin yana ɗan makaranta, sai ya ture shi, motar ta buge shi a madadinsa. Alhali wannan bugun motar shi ne sanadin haɗuwar iyayensa. Da hannunsa, kuma da niyyar alheri, ya ɓata abin da zai kai ga haihuwarsa. Yana da hoton da suka ɗauka shi da yayyensa biyu, sai ga babban yayan ya fara ɓacewa daga cikin hoton, daga kai. Yanzu yana da mako guda ya haɗa iyayensa, ya kuma kasance a cikin motar a daidai daƙiƙar da aradu za ta faɗa, kuma abubuwan biyu duk a dare ɗaya suka haɗu. Tsakiyar fim ɗin kakaf ƙoƙarin ɗinke ɓarnar da jarumi ya yi ne. Kowace fitowa ta dariya tana matso da shi kusa, ko ta ƙara nesanta shi.

Dubi naka. Sabitu ya sa ribas sau nawa, bai taɓa ɓata komai ba. Kullum riba yake ci. Masu koyar da rubutun fim, irin su Syd Field, suna lissafa shafi ɗaya a matsayin minti ɗaya, kuma suna cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fim ya kamata ƙofa ta rufe a bayan jarumi, ya zama ba shi da damar komawa rayuwarsa ta da. Wajen shafi na talatin da biyar da abokanka suka fara gajiya, daidai nan ne ya kamata taka ƙofar ta rufe.

Maganar taurari kuwa, kowanne aiki ne ya kawo shi. Tsoho mai ilimi shi yake faɗin doka, don in jarumi ne ya san komai, ba wanda zai yi wa bayani mu ji. Amma lura, Doc yana da tasa damuwar: an harbe shi tun farkon fim, kuma Marty yana ta neman yadda zai gargaɗe shi, har ya rubuta masa wasiƙa, shi kuma ya yayyaga ta don yana tsoron sanin abin da zai zo. Saurayin da bai san komai ba shi ne idon mai kallo, tambayoyinmu yake yi. Azzalumin kuwa, Biff, ko sanin na'urar bai yi ba. Tun kafin a ƙera ta yake taka mahaifin Marty, shekara talatin. Dalilin da ɗan siyasarka ya zama faci ke nan, na'ura ce ta jawo shi daga waje. Nemi wanda ya riga ya zauna a wuyan Sabitu tun shafin farko.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a fim ɗin nan Marty bai canza sosai ba. Matsoracin ubansa ne ya canza, ranar da ya dunƙule hannu ya kai Biff ƙasa. Bob Gale ya ce tunanin labarin ya zo masa ne da ya ga littafin hotunan makarantar mahaifinsa, ya tambayi kansa ko da zai yi abota da shi in da tare suka yi makaranta. Daga wannan tambaya aka fara, motar daga baya ta zo. A wani tsohon zubin rubutun ma firji ne na'urar. Kai mece ce taka tambayar?

Maman Ilham daga Damagaram ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni mai kallo ce kawai, kuma a finafinan Indiya na tashi. Gidan maƙwabtanmu ne suke da bidiyo, mu cika tsakar gida a kan tabarma, ba ma jin yaren amma ba abin da yake wuce mu. Ƙanena, da na karanta labarinka sai Mr. India na 1987 ya faɗo mini, na Anil Kapoor da Sridevi da Amrish Puri.

Shi ma na'ura ce, wadda mahaifin jarumin ya ƙera, in ya ɗaura ta a hannu sai ya ɓace ba a ganinsa. Tana da aibi ɗaya, in akwai jan haske ko jan gilashi sai a gan shi. Mu yara da muka gane haka, duk inda aka nuno wani abu ja sai gabanmu ya faɗi. Wannan shi ne dokar da Malam yake faɗa.

Amma abin da nake so in ƙara daban ne. Kafin na'urar ta shigo, an daɗe ana nuna mana gidan nan cike da marayu da mutumin yake riƙo, ga kuɗin haya, ga bashin mai kanti. Akwai lokacin da aka hana su bashin abinci, yaran suka kwana da yunwa, har 'yar jaridar da take haya a gidan, wadda kullum cikin faɗa take da su saboda hayaniya, ta kawo musu abinci. Na ga manyan mata suna share hawaye da bakin zane a wurin nan. To da na'urar ta zo, mun riga mun san me za a yi da ita, kuma don wa. Shi ma Mogambo, mugun fim ɗin, ba daga sama ya faɗo ba, mutanensa gidan nan suke so su ƙwace tun farko.

Sannan a tsakiyar dariya da waƙe-waƙe sai bam ya tashi, Tina, ƙaramar yarinyar nan cikin marayun, ta rasu. Mutumin da yake ɓacewa ya mari azzalumai bai iya tsare ta ba. Har yau in na tuna sai na ji wani abu a maƙogwaro. Bayan wannan dariyar fim ɗin ba ta mutu ba, amma ta yi nauyi, kuma duk mun ƙagu mu ga ƙarshen Mogambo. Ina ganin dole a sami rana guda da minti goman Sabitu ba za su ishe shi ba.

Tambayata ta ƙarshe a kan Rabi ce. Me take yi ban da fitowa zaure? Ita waccan 'yar jaridar aikinta ne yake jan labari, ita take bin diddigin mutumin da ba a gani, alhali a gida ɗaya suke zaune. Kuma ka yi tunani a matsayin mace: in na gane cewa kalaman da suka sa na amince da mutum sai da ya gwada su a kaina sau bakwai, ni ban sani ba, wallahi ba zan yi dariya ba. Zan ji an yi wasa da hankalina. Akwai labari babba a nan wurin.

Habu Direba ya amsa:

Maigida, ni sana'ata ke nan, shekara tara ina tuƙa adaidaita. Abu ɗaya zan tuna maka. Ribas sai da fili a bayanka. Ka shiga gosulon Kantin Kwari da yamma, ko na bakin Kasuwar Sabon Gari, gabanka keke, bayanka keke, gefe mai baro, ko taku ɗaya ba za ka iya ja da baya ba. In har sai keken ya motsa na'urar take aiki, to a cikin cunkoso Sabitu da kowa ɗaya ne. Kuma ka sa mai keken a ciki sosai, duk direba ya san yadda gaba yake faɗuwa in magariba ta yi kuɗi ba su cika ba.

Abba Edita ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da bayaninka, amma ina da ja a wuri biyu. Ni aikina tace hoto ne, finafinan camama da yawa sun bi ta hannuna.

Na farko, kada mu sa ɗan'uwanmu ya ɗauka labarin da yake tafiya fitowa bayan fitowa laifi ne. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, haka yake tafiya. Alhaji Imam ya shiga wannan gari ya yi abin dariya, ya fita ya shiga wancan. Abin da ya riƙe shi abu biyu ne. Mun san abin da ya fita nema da dalilin fitarsa, sannan ga Malam Zurƙe da suke ta haɗuwa, yau wannan ya yi wa wancan tsiya, gobe a rama. Ba sai an sa agogo yana ƙirga daƙiƙa irin na Amurka ba. Buri guda da abokin karawa mai dawowa sun isa su ɗauki labari mai tsawo.

Na biyu, Sabitu ba Marty ba ne. Duk wanda ya ji tatsuniya a ɗakin kakarsa ya gane shi, Gizo ne. Ga wayo, ga kwaɗayi, ga gaggawa, ya sami abin alheri sai ya zarce har abin ya juyo kansa. Tsarin tatsuniyar Gizo shi ne dabara ta ci sau ɗaya, ta ci sau biyu, a na uku ta kama mai ita. Marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya ji ƙansa, da irin wannan tauraro ya riƙe mutane har ya rasu a Disambar 2014. Kuma Gizo yana da Ƙoƙi, wadda take ganin abin da shi bai gani ba. Ga gurbin Rabi nan a shirye.

Ina kuma gargaɗi a kan nauyi. Shi wannan fim ɗin da Malam ya kawo, da wani ɗan wasa aka fara, Eric Stoltz, an yi makonni ana ɗauka, sai aka ga yana ɗaukar rawar da tsanani, dariyar ba ta fitowa, aka sauya shi da Michael J. Fox aka sake ɗaukar fitowar da aka riga aka yi. Doka ta yi tsauri, na yarda, amma jarumin ya zama mai sauƙin jini. In ka bi shawarar Maman Ilham ka sa rashi, sau ɗaya ya isa, kuma can kusa da ƙarshe.

Babban abin da nake tsoro shi ne Baba Tanko. Mai kallonmu in ya ga tsoho a ɗaki mai duhu yana yin abin da hankali bai kai ba, boka zai kira shi, na'urar kuma aikin aljanu. Daga nan fim ɗinka ya tashi daga na kimiyya. Ka sa shi a fili da rana tsaka, hannu duk baƙin mai, yana auna wuta da mita, waya ta ƙone ya canza, fiyus ya tashi ya yi tsaki, a kira salla ya ajiye sifana ya tafi masallaci. Na'urar ta riƙa lalacewa kamar kowane inji. Ba yau Bahaushe ya fara karanta labarin kimiyya ba, tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, amma a allo sai ka nuna wa ido bambancin.

Ta fuskar aiki kuwa, labarinka yana da arha, lokeshin ɗaya za a yi ta maimaitawa. Sai dai ka rubuta wata alama da za ta riƙa nuna an koma baya, misali mai tallan rake da yake wucewa da kira iri ɗaya. In ba haka ba, a wurin tacewa za a ɗauka kuskure ne aka maimaita fitowa.

Ɗan Gwammaja ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Kwana uku ban amsa ba saboda ina zaune da littafin, na yage shafi goma sha takwas.

Malam, tsiren yana komawa kan tukuba. Kuɗi su dawo aljihu, yunwa ta dawo ciki, abin da ya rage masa sai tunawa da ɗanɗano. Wato Sabitu ba ya iya ɗauko komai daga minti goman nan sai sani. Na gwada fitowar a haka, ta fi ta da ban dariya, domin a karo na huɗu ya gaji da tauna kuma har yanzu cikinsa yana kuka.

Malam Habu, maganarka ta buɗe mini ido. Na mayar da ita doka: sai keken ya ja baya tsawon jikinsa. Na ƙara wata, duk wanda yake zaune a cikin keken shi ma yana tunawa. To wata rana Rabi tana baya zai kai ta makarantar koyon jinya, ya faɗi wata magana da ta ɓata mata rai, hannunsa ya kai kan ribas saboda sabo, ya manta tana ciki. Nan ta gane komai, har da gaisuwar nan ta sau bakwai. Ta ce a fasa. Wannan ne shafi na talatin yanzu. Maman Ilham, ke kika ba ni wannan.

Na cire ɗan siyasa. Mai keken ne abokin karawa, kuma ya ba Sabitu zuwa Juma'a ya cika bashin da ya taru, ko ya karɓe keken ya sayar. Bai san da wata na'ura ba, kuɗinsa kawai yake so.

Da na tambayi kaina me ya sa Baba Tanko ya shekara talatin a kan abu ɗaya, sai amsar ta zo mini ina cikin kwance wata waya a shago. Yana da ɗa da mota ta kaɗe a ƙofar garejin, lokacin shi ya tafi sayen wani ƙarfe. Yana so ya koma wannan ranar. Shekara talatin yana aiki, abin da ya iya samu minti goma ne, kuma kowace safiya ranar tana ƙara nisa. Shi da bakinsa zai gaya wa Sabitu cewa abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa da waya da batir.

Inda nake jin tsoro shi ne ƙarshe. Ina so ranar Juma'ar a kira Sabitu a ce Baba ya faɗi a gareji, shi kuma yana tsakiyar gosulo bayan an sakko daga masallaci, ba gaba ba baya, yana kallon agogo minti goma suna wucewa. Abba, wannan bai yi wa fim ɗin dariya nauyi ba? Ko in bar tsohon ya rayu?

Malam Na-Tudun-Wada ya sake amsawa:

Abba ya yi gaskiya a kan Gizo, na karɓa. Rayuwar tsohon ko rasuwarsa kuwa, kada ka yanke yanzu, rubuta duka biyun ka karanta wa yayarka. Abin da na fi damuwa da shi shi ne abin da Sabitu zai yi a cikin gosulon. In ya zauna yana kuka, ka ɓata fitowar. Ya sauka ya bar keken da na'urar a tsakiyar titi, a ranar da mai shi yake jira, ya zura da ƙafa. Ka sa Rabi ta riga shi isa garejin, tunda jinya take koyo.

Sai ka koma shafi na biyar ka dasa nisan. Wani fasinja ya yi ƙorafi cewa daga nan zuwa garejin Baba Tanko tafiyar kwata ce ko da hanya a buɗe take, a faɗe shi cikin rigimar canji yadda ba wanda zai kula. Fasinjan nan da ya gudu a Ƙofar Mata ma kada ka yar da shi, mai gudu ne kuma ya san lunguna, za ka buƙace shi ranar Juma'a. In ka gyara shafi goma na farko ka turo mini in duba.